Rabin Kwano a Gindin Rijiya

Ɗana Barat ya shiga rijiya da tocila, ya bar fitilar mai a waje.

Ni ne Usta Safar, mai haƙar rijiya, daga wani ƙauye kusa da Nishabur. Shekara hamsin ina shiga ƙasa. Abu biyu mahaifina ya koya min. Ka sa fararen kaya, don in ƙasa ta rufta da kai, ka riga ka sa likkafaninka. Sannan wuta ta riga ka sauka. Akwai wata iska da take kwanciya a gindin tsohuwar rijiya, ba wari, ba launi. Fitila ce kaɗai ke tona asirinta. Harshen wutar zai durƙusa, ya mutu. Inda wuta ta mutu, mutum ma ba zai kai labari ba. Na koya wa Barat wannan tun bai yi gemu ba, da baki da kuma mari.

Gonakinmu a kan kufan tsohon birni suke. Garma takan tono tsingaro masu sheƙi, koraye da ruwan ƙwai, da farare masu baƙin rubutu a baki. A da, watsar da su muke yi a gefen gona. Sai mutanen Tehran suka fara zuwa da mota, suna cewa tangaran ɗin ya shekara dubu, wai Turawa a akwatin gilashi suke ajiye shi. Amma garma ba ta fito da kwano mai kyau. Sai a rijiyoyin mutanen da, inda ya faɗa ya kwanta cikin laka. Shi ya sa aka dawo neman irinmu.

Dillalin da ya zo mana sunansa Aga Nusrat, mai takalmi kamar madubi. Rijiyar kuma a gonar audugar Yadulla take, uban matar Barat. Jandarma sun hana tono, don haka muka ce gyaran rijiyar ban ruwa muke yi.

Da safe na zura fitila. Gaba goma sha biyu, ta ci har ƙasa. Barat ya ɗaura igiya ya sauka, ni da Yadulla muna kan keken jan igiya. Kafin azahar ya fasa bangon gefe ya tarar da wani kogo. Ya ja igiya sau biyu, muka fito da shi. Abu na cikin rigarsa.

Rabin kwano ne, fari fat, da baƙin rubutu dogo a bakinsa. Aga Nusrat ya tofa masa yawu, ya goge da hankici.

"Ina ɗaya rabin?"

"Yana ciki, Aga," in ji Barat. "Na ji shi da yatsa. Fitilar Baba ce ba ta nuna komai sai hayaƙi."

Yadulla ya yi dariya. "Fitilar nan ai ta girmi kakarka, ka ji tausayinta."

Ni ban yi dariya ba. Na ga Barat yana murza goshi.

"Kanka ke ciwo?"

"Yunwa ce, Baba."

"Ƙarya kake. Ka fasa bango, abin da ke kwance a bayansa ya fito. Ba mai shiga yau. Gobe mu kaɗa iskar da damin ƙaya, sannan wuta ta sauka."

"Gobe?" in ji Aga Nusrat. "Usta, ƙauyenku ba a riƙe sirri. Gobe jandarma ne za su sha shayi a nan."

"Na faɗi maganata."

Na zagaya bayan garun gona, inda ruwa ke gudu, na yi alwala na tayar da sallar azahar. Ina raka'a ta uku na ji kukan keke. Na san muryar wannan katako fiye da muryar matata. Saukar da mutum yake yi. Ban katse sallar ba. Har yau ban sani ba ko daidai na yi.

Da na dawo, fitilata na kan dutse, a kashe. Aga Nusrat ya leƙa rijiyar yana murmushi.

"Zo ka ga haske, Usta! Tocilata na ba shi. Ba hayaƙi, ba ta mutuwa."

Ba ta mutuwa. Ashe ba abin da zai tona masa asirin iskar.

"Barat!" na kira.

Muryarsa ta taso a hankali, kamar ta mai maye. "Baba... ga shi nan... ga..."

Shiru.

"Ku ja!" na ce.

Muka kama keke ni da Yadulla. Tun juyi na farko na sani. Igiyar ba nauyi. Ta fito da maɗaurinta a kunce. Barat ya kunce ta don ya kutsa cikin kogon.

Yadulla ya zube a ƙasa yana kiran sunan Allah. Na tuɓe kwat ɗina, ya rage farar riga. Na kunna fitila, na ɗaure ta da siririn zare yadda za ta rataya ƙasa da ƙafata.

"Usta, gwiwarka," in ji Yadulla. "Shekara uku rabonka da rami."

"Tashi ka kama keke. Kai ma, Aga."

"Ni ban iya ba..."

"Kama!"

Na sauka. Idona na kan wutar. Gaba biyar tana ci. Gaba takwas tana ci. A gaba goma ta yi shuɗi, ta durƙusa. Na ja igiya sau ɗaya, suka tsaya. Na ɗago fitilar, na kafa ƙusa a bango, na rataye ta inda take iya rayuwa.

Ƙasa da ni, tocilar tana ci abinta, haske tar. Ta haska ƙafafun Barat, sun fito daga kogon, ba sa motsi.

Igiya ɗaya ce. A sama kuwa tsoho ne da mai hannu kamar ƙullu. Ba za su iya ɗaga mutum biyu ba.

Na cika ƙirjina da iska, na ja igiya, suka sake ni. Na dira. Na kama idon sawunsa na fizgo shi. Nauyinsa kamar buhun alkama. Na kunce igiyar daga jikina, na zagaya ta ƙarƙashin hammatarsa. Yatsuna sun san ƙullin, ba su jira ni ba. Na ja sau biyu. Ya tashi sama, kansa na lilo, ƙasa na zubo min a ido.

Ƙirjina ya fara wuta. Masu haƙa na zamanin da sun bar ramukan taka ƙafa a bango. Na lalubo na farko, na biyu. A na uku na kasa riƙe numfashi, na shaƙa. Ban ji komai a hanci ba. Ƙafafuna kawai suka zama ruwa, kunnena ya ɗauki ƙara. Ban san yadda na kai wurin fitilar ba. Na tokare baya a bango ɗaya, ƙafa a ɗayan, na buɗe baki kamar kifi.

Nan na tsaya. Keke ya daina kuka. Ba wanda ya leƙo, ba wanda ya kira ni. In yana da rai, me ya hana su yi ihu? In ya mutu, me ya hana su yi ihu? Gwiwata ta hagu ta fara karkarwa, ƙasa na marmashewa a ƙarƙashin dugadugina. Na duba ƙasa. Ga rabin kwanon can a bakin kogo, cikin hasken tocila, fari, ko ƙura babu. Shekara hamsin ban ji tsoron rami ba. Ranar nan na ji.

Sai igiya ta taɓa kaina. Na ɗaura ta, na ciro fitilata daga ƙusa, suka ja ni sama.

A waje na tarar da Barat kwance, leɓunansa baƙi. Matarsa Gulnisa ta kawo mana gurasa da cuku, ta watsar da su a ƙasa, tana jijjiga shi. Yadulla na danna masa ƙirji. Can Barat ya yi shaƙuwa, ya yi amai, ya ja numfashi. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Na sa yatsana a tafinsa na hagu na ce ya riƙe. Hannun bai rufe ba.

Aga Nusrat ya matso, tafukansa sun yi bororo, rabin kwanon na naɗe a hankici.

"Alhamdulillahi, Usta. Allah ya kiyaye." Ya rage murya. "Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"To ai ka riga ka san hanya. Numfashi ɗaya ne. Tocilar ma tana nan tana haska maka. Rabi ba kaya ba ne, masu saye cikakke suke so."

Na fara warware igiya daga keke ina naɗe ta a kafaɗa.

"Tun daga Mashhad aka ce min Usta Safar bai san tsoron rami ba," in ji shi. "Ko tsufa ne ya zo?"

Gulnisa ta ɗago kai ta dube ni. Gwiwata ba ta daina rawa ba, kowa na gani. Na gama naɗe igiyar, na hure fitilata.

"Ba zan shiga ba," na ce. "Kuma ba wanda zai shiga."