Takalman Baban Clara

"Kar ki taɓa, Maman Kambai! Na haɗa ki da Allah, kar ki taɓa!"

Martha ba ta ko ɗago kai ba. Ta riga ta durƙusa a gabansa da wuƙarta ta yankan kuɓewa. Da ta leƙo ta katanga da hantsin nan ta ga maƙwabcinta Silvanus zaune a dokin ƙofarsa yana haki, ƙafafunsa sun kumbura har sun cika takalman reluwe da ke ƙafarsa. Kwana uku ke nan bai iya cire su ba, da su yake kwana.

"Baban Clara, ko ka yi shiru ko ka yi ihu, takalmin nan zai fita yau."

Duk unguwar bayan tasha a Kafanchan babu wanda ya taɓa ganin ƙafar Silvanus. Shekara talatin ya yi yana zuba gawayi a cikin injin jirgin ƙasa, ya bar aiki, amma bai bar takalman ba. Da su yake zuwa gona, da su yake zuwa majami'a, baƙaƙe masu nauyi, da safa biyu a ciki ko da ana zafin da kare ke neman inuwa. Ba ya ba kowa hannu, ba ya sa hannu a kwano ɗaya da kowa. Shi ya sa aka laƙaba masa Baturen Loko, da sunan rumfar da ake ajiye injinan jirgi, kuma Martha ce kan gaba wajen kiran sa haka a bakin famfo.

Ta tsaga fatar takalmin daga sama har ƙasa, ta janye safar da ta manne. Warin ya sa ta kau da kai, ita da ta yi shekara goma sha biyu tana wanke gyambo a asibitin mishan. Tsakanin yatsun ya yi fari fat, ya jiƙe, ya tsattsage. Faratan sun yi kauri, sun yi rawaya, suna marmashewa kamar tsohon rogo.

Silvanus ya rufe fuska da hularsa.

"To, kin gani. Kuturta ne. Ki je ki wanke hannunki da sabulu. Abu ɗaya nake roƙo, kar Clara ta ji."

Martha ta dubi ƙafar, ta dube shi. Ta miƙa hannu ta tsinci gashin kaza a ƙasa.

"Bar hular a fuskarka. In ka ji abu, ka faɗa."

Ta ja gashin a tafin ƙafarsa. Tsoho ya zabura, ya janye ƙafa, wata dariya ta kuɓuce masa ba da sonsa ba. Ta ja a gefe, ta ja a kan yatsu, ko'ina sai ya motsa.

"Yana maka ƙaiƙayi?"

"Kamar in cire naman."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha takwas. Tun shekarar da maman Clara ta rasu."

"Baban Clara, na wanke kutare da hannun nan nawa, sun fi ɗari. Wurin da kuturta ta kama ba ya jin gashin kaza, ko allura ba ya ji. Wannan cin ruwa ne. Cin ruwa! Irin na matan da ke wuni a rafi. Takalmin da kake ɓoye shi a ciki, shi ke ciyar da shi."

Ta so ta yi dariya, don abin dariya ne. Amma da ya sauke hular ta ga fuskarsa, sai ta fasa.

A ranar ya ba ta labarin da bai taɓa ba kowa ba. A ƙauyensu ya ga yadda aka yi wa ƙanen babansa bukka a bayan dutse, ana tura masa tuwo da sanda, 'ya'yansa mata suka tsufa babu mai tambaya. Da ya ga ƙafarsa ta fara farfashewa, sai ya ɗauki Clara, tana shekara tara, ya kai ta wurin gwaggonta a Godogodo. Bai sake aure ba. Asibiti kuwa ko ta ƙofar bai bi ba, don kada a rubuta sunansa. Da Clara ta yi aure ta haihu, ta kawo masa jaririyar har gida, ta miƙa masa. Ya mayar da hannuwansa baya.

Martha ta tuna ranar sarai. Ta ga Clara ta fito da goyo tana share hawaye, ita kuma ta bi unguwa tana cewa girman kan Baturen Loko ya kai inda ba ya ɗaukar jikarsa. Shekara huɗu ke nan Clara ba ta sake tako gidan ba. Kunya ta kama Martha har cikin ƙashi.

Washegari ta sa aka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙafa ba komai ba ce, zuciya ce ta gaji, kumburin ma daga can yake. Ya ba da ƙwayoyi, ya ja Martha gefe ya ce in yana da 'ya'ya a kira su.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ce, lokacin da injinan gawayi suka fara ja da baya, masu shan mai suna karɓe layi. Waɗanda suka zauna a unguwar har yau suna tuna makonnin nan. Kowace safiya Martha na fitowa da kwano na ruwan ɗumi da gishiri, ta zaunar da shi a gindin mangwaro, ya jiƙa ƙafa. Ta tsane tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai tsabta, ta rage faratan da suka yi laushi, ta shafa masa shuɗin maganin nan na asibiti. Safar duka ta ƙone su.

"Ƙafa iska take so, kamar mutum. Ka bar ta ta sha."

"Mutane suna kallo, Maman Kambai."

"Su kalla. Shekara nawa suna son gani?"

Cikin kwana goma fatar ta bushe, tsagar ta fara haɗewa. Faratan kam ta san sai sun yi shekara kafin sababbi su fito, ta kuma san ba shi da shekarar. Numfashinsa kullum raguwa yake. Sau biyu ta aika wa Clara saƙo ta hannun direban mota, shiru. Ran kasuwa sai ta ɗaura ɗankwalinta na zumuntar mata ta hau motar da kanta.

Ta sami Clara tana shanya citta a tsakar gida.

"Mama, ni ba ni da baba a Kafanchan. Mutumin da ya ƙi taɓa 'yata?"

"Ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da ke?"

"Ko sau ɗaya."

"Ya taɓa barin ki wanke masa safa?"

"Ya kusa dukana a kan haka."

"To zauna, yarinya, in gaya miki abin da yake gudu."

Clara ta saurara har ƙarshe. Sannan ta shiga ɗaki, ta daɗe. Da ta fito idanunta sun yi ja, tana riƙe da hannun 'yarta Hellen da ƙullin kaya.

Da la'asar suka iso. Silvanus na gindin mangwaro, ƙafafu a waje, shuɗi har idon sawu. Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Uba da 'ya suka tsaya kallon juna. Hellen ce ta saki hannun uwarta ta matso ta tsuguna.

"Kaka, wa ya yi maka fenti?"

Ya dubi Martha, kamar mai neman izini. Ta ɗaga masa kai. Sai ya miƙa hannuwan nan biyu, ya ɗora yarinyar a cinyarsa. Ta yi masa nauyi, amma bai sauke ta ba.

"Clara," in ji shi, "wauta na yi. Na ɗauka ina tsare ki ne."

"Baba, ai da ka faɗa mini. Ko kuturtar ce, da na zauna."

Ta karɓi tsumman daga hannun Martha ta durƙusa a gabansa.

Kwana shida suka samu. A cikinsu ya ci tuwon acca kwano ɗaya da 'yarsa, ya ba kowane mai dubiya hannu har sai da aka gaji da shi. Ran Asabar da safe, da aka shafa masa shuɗi a ƙafa, Hellen ta kafe sai an shafa mata ita ma, aka shafa. Kafin ya bushe ya ce zai shiga ya ɗan kwanta, ta kama masa yatsa suka taka simintin baranda tare, a hankali. Bai sake fitowa ba. Ya cika wajen azahar, Clara na riƙe da ƙafarsa a cinyarta.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, Martha ta shigo da tsintsiya da bokitin ruwa don ta wanke gidan. Takalman na nan a bayan ƙofa, ɗaya a tsage. Ta share tsakar gida, ta zo baranda, ta ɗaga bokitin. Daga bakin matakala zuwa ƙofar ɗaki sawu ne shuɗi a kan siminti, manya guda biyar, yatsu a baje, da ƙanana da yawa suna bin gefensu.

Ta ajiye bokitin. Ta share ƙurar da ke kewaye da sawun, ta ja ƙofa.