Ɗakin Baƙi a Gidan Likita

A garinsu Likita ake ce masa, kuma ya daɗe da daina musawa. Gaskiyar magana bai taɓa duba ko mai mura ba. Aikinsa yanka gilashin tabarau a wani ɗan lungu da ke bayan shagon masu gwajin ido a babban birni, yana sa farar riga ne saboda ƙurar gilashi. Hoto ɗaya ya aika gida da rigar nan, shi ke nan suna ya bi shi.

Babban kuskurensa kuwa ba ƙarya ba ce, gaskiya ce. Wata shekara da ya je ganin gida, kawunsa ya tambaye shi albashinsa a gaban jama'a, shi kuma da bakinsa ya faɗa, bai ƙara ko sisi ba. Tsakar gida ta yi tsit, Inna mahaifiyarsa ta sa gefen mayafi ta share ido. Daɗin wannan shirun ne ya hana shi ƙarasa zancen: cewa mai gidan haya yana lashe fiye da rabi tun kuɗin ba su huce ba, jirgin ƙasa da kuɗin wuta da makarantar 'yan matansa biyu su raba saura, shi da matarsa su tashi da hamdala.

Shekara da shekaru yana neman albashin da ake kira na jin daɗi. Abokin aikinsa ya ce shi ne wanda za ka shiga kanti ka ɗauki kaya ba ka juya gindinsa ka ga farashi ba. Likita dai ya lura kullum jin daɗin nan yana gaba da shi da taku kaɗan. In aka yi masa ƙari, kafin ya iso gida da albishir mai gidan haya ya riga ya ji a jikinsa.

Gidan nasu a hawa na shida yake, falo da ɗaki biyu. Ɗaya nasa da matarsa, 'yan mata suna kwana a falo, ɗayan kuma sun ba wani dattijo haya. Dattijon yana aikin dare a gidan burodi, ya dawo da safe ya kwanta, saboda haka da rana a gidan nan raɗa ake yi, ko cokali ba ya faɗuwa da ƙarfi. Baba Mai Burodi yaran suke ce masa. Kuɗin da yake biya su ne suke riƙe da rufin gidan, kuma a garinsu babu wanda ya san da shi.

Ana nan sai Auta, ƙanensa, ya kira. Auta mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, yana da shagonsa a bakin kasuwa, yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku a sashen da ya gada, bai san wani abu wai shi haya ba. Wani babban otal a birnin ya yi masa tayin aiki. In ya karɓa sai ya sayar da shagon da kayan aiki ya kwaso iyali. Ya faɗi albashin, ya ce yana so ya ji ko zai isa mutum ya zauna cikin rufin asiri. Likita ya ji adadin ya ɗara nasa da kaɗan, abin ya sosa masa rai ta fuska biyu. Amsar tana kan harshensa, 'yar gajera ce, ba zai isa ba. Amma in wannan bai isa ba, nasa da kowa ya sani fa? Sai ya ji bakinsa yana cewa irin wannan magana ba ta waya ba ce, Auta ya zo ya gani da idonsa.

Matar Likita ta ce madalla, ya zo ya ga yadda ake, ya kwana a falo da yara, ya gaisa da Baba Mai Burodi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Likita ya ce haba, ina aka taɓa yin haka? Baƙo ne fa, ba a nuna wa baƙo gindin tukunya. A karrama shi tukuna, ranar da zai tafi a zaunar da shi a gaya masa komai cikin natsuwa. Ta dube shi ta ce, "To, Likita." Ita ba ta kiransa haka sai in ta ga ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa.

Ya lallaɓa dattijon, aka yi da shi zai kwana biyu a gidan burodi a kan buhunan fulawa, a yafe masa hayar mako guda. Suka tura akwatinsa ƙarƙashin gadonsu, suka cire farar hularsa daga ƙusa, aka shimfiɗa zanin gadon da matar ta ajiye tun na aure. Har fure na roba Likita ya aro a wajen maƙwabta. An ja wa yara kunne, duk wadda ta ambaci burodi in ba a kan tebur ba, ita da shi.

Auta ya iso ranar Juma'a da yamma. Likita, wanda ya fi shekara bai shiga tasi ba, ya tare tasi a tasha kamar abin da ya saba, yana hira yana satar kallon mitar kuɗin tasin. A gida aka kunna tukunyar ruwan zafi aka bar ta a kunne, abin da ba a yi sai minti kaɗan da asuba. Aka ci kaza. Washegari ma aka ci kaza, ƙaramar 'yar tana kallon uwarta tana neman bayani.

Abin haushi, komai Auta ya gani sai ya ba shi fassara mai kyau. Ya ji yara suna raɗa da rana, suna tafiya da yatsun ƙafa in za su wuce ƙofar ɗakin, ya ce kai, tarbiyyar birni daban ce, nasa 'ya'yan da sun tsaga rufi. Ya ce ɗakin yana wani ƙamshi kamar na sabon burodi. Likita ya ce turaren ɗaki ne, irin wanda ake yayi yanzu. Auta ya ce don Allah a saya masa kwalba ɗaya ya kai wa matarsa.

Sau da yawa Likita ya buɗe baki zai fara. Sai ya ga yadda ƙanen nan nasa yake kallonsa, irin kallon da yake yi masa tun suna yara in ya hau keke ya saki hannu. A birnin nan kaf babu mai yi masa wannan kallo. A wajen aiki shi ne na bayan shago, a jirgin ƙasa shi ne wanda ake takawa ba a ce yi haƙuri ba. Sai ya ce a ransa bari a sha shayi tukuna.

Ranar Lahadi da safe Auta ya ajiye kofi ya ce ya yanke shawara. Ya ce ba kaza ce ta ruɗe shi ba, kaza kowa yana iya yanka wa baƙo. Ɗakin nan ne. Ya yi tambaya a mota, an gaya masa yadda haya take a nan, mutane suna kwana kamar kifin gwangwani.

"Amma kai, Yaya, kana da ɗaki guda da ba kowa a ciki, sai fure. In albashinka ya yi wannan, nawa ma zai yi."

Matar Likita ta tashi ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo.

Sai a tashar mota, direba yana ɗaure kaya, Likita ya ja shi gefe ya zazzage masa komai. Ya gaya masa dattijon, da buhunan fulawa, da furen aro, da cewa kazar nan za a yi wata ana biyanta da taliya ba mai. Ya ce kada ya sayar da shagon, wallahi Auta ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Auta ya fara da dariya, yana jira a ce wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne sai fuskarsa ta canja.

"Yaya, in ba ka so in zo, ka faɗa mini kawai. Ba sai ka ƙirƙiro wani tsoho ba."

Likita ya rantse, ya ce su koma yanzu ya kai shi gidan burodin. Direba ya danna hon. Auta ya ce ya kwana biyu a ɗakin, idonsa ba aro ya yi ba, ya shige mota ya zauna ta ɓangaren da ba taga.

Bayan kwana biyu Inna ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce ita dai ta san ciki ɗaya ta haife su, kuma arzikin wani ba ya tare na wani, don an ba ƙanensa abin da ya ɗan fi nasa ba abin damuwa ba ne. Likita ya miƙa wa matarsa waya ta yi shaida, Inna ta ce ai mace ta gari dole ta bi bayan mijinta. Ya ɗauki hoton dattijon yana barci da farar hula a ƙusa ya aika, aka ce yanzu har ya kai ga ɗauko mutum ya kwantar don a ɗauki hoto, Allah ya kyauta. Da ya yi wasan kwaikwayo kowa ya gaskata, yau da yake faɗin gaskiya da hujja a hannu ga shi ya zama mai hassada. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya rasa wanda zai ji haushi in ba mai farar rigar nan da yake gani a madubin shago ba.

Kafin wata ya ƙare aka sayar da shagon, wani yaron Auta na da ya saya har da allon suna. Inna ta sake kira, muryarta sakayau, ta ce komai ya wuce, ta san shaiɗan ne. Ta ce Auta da iyalinsa za su taso ranar Asabar.

"Su sauka a ɗakin nan naka kafin ya samu nasa. Da a bar shi fure yana kwana a ciki, ai gara jininka."

Ya ce to. Me zai ce?

Da la'asar ya tsaya a ƙofar ɗakin yana jiran dattijon ya farka, don ko a ranar da zai kore shi bai iya ƙwanƙwasawa da ƙarfi ba. Baba Mai Burodi ya fito yana ɗaura agogo. Likita ya yi masa bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar, ya ba shi haƙuri ya fi a ƙirga. Dattijon ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaya, shi ƙanen nawa za a riƙa biyansa, kuma 'ya'yansa nawa? Likita ya faɗa.

Dattijon ya ɗan yi lissafi da leɓe, sannan ya cire hularsa daga ƙusa.

"Ba komai, zan lallaɓa a kan buhunan. Amma ka ba shi lambata. In ya kama gida zai nemi wanda zai ba ɗaki."

Likita ya ciro waya ya ce ya faɗo lambar a hankali. A kicin matarsa tana ta jan tebur, tana gwada ko katifa za ta shiga tsakanin firji da ƙofa.