Ranar Da Aka Aro Kaka

Kwana goma ke nan kifinsu Jago bai fito daga bayan dutse ba. Ratri ta durƙusa gaban tankin gilashin, ta saki jatan lande guda, ta bi shi da ido har ya kwanta a kan yashi. Kifin ko motsi. Jan jikinsa ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, tozon goshinsa kuma, wanda 'yan unguwarsu a Semarang ke zuwa kallo, ya fara motsewa.

Da can ko inuwar mutum ya gani sai ya taso ya daki gilashi. Lohan ne, irin kifin da 'yan kasuwa ke ajiyewa saboda an ce girman tozonsa, girman arzikin mai gida. Babanta Harjo, mai shagon kayan babur, ya yarda da wannan magana fiye da yadda zai iya faɗa a gaban liman. Shi ya sa ya kira Giyono mai sayar da kifi har gida.

"Ka gama aune-aunen naka, ko sai ya mutu za ka ba ni labari?" in ji Harjo.

"Ruwa lafiya, zafi daidai, inji na aiki," in ji Giyono yana goge hannu a wando. "Ba ciwo gare shi ba, maigida, tsoro ne. Yara na bubbuga masa gilashi?"

"Waɗanne yara? Ga autar nan, ita kuwa ko sauro ba ya tsoronta."

"To a da wa ke ba shi abinci?"

Daga kicin aka ji Mama ta daina juya suyar tempe, wainar waken soya. Ratri ta sunkuyar da kai, muryarta can ƙasa ta ce, "Kaka."

Kwana goma da suka wuce aka kai Kaka Sumarno, mahaifin Harjo, gidan tsofaffi a garin Ungaran. An ce masa hutu ne, sai ƙafarsa ta warke. Washegari aka cika ɗakinsa da kwalayen shago har rufi.

Giyono ya yi dariya. "Ai shi ke nan! Wannan kifin yana gane fuska, yana gane hannu. Ba ni da maganin da zan sayar muku. Ku kawo masa mai shi."

Harjo ya daɗe yana kallon tozon nan da ke raguwa. Sannan ya ce, "Lahadi a je a ɗauko shi."

Ratri ta shige ɗaki don kada a ga fuskarta. Tun ranar da aka tafi da Kaka ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Shi kaɗai ne a gidan ke jira ta ƙarasa abin da ta fara faɗa.

* * *

Sun same shi a baranda tun kafin ƙarfe takwas, ya sa rigar batik ɗinsa ta Juma'a, jakarsa a kan cinya. Ya riga ya raba wa 'yan ɗakinsu sabulu da sauran biskit, ya bar wa wani makaho rediyonsa.

"Sarkin kunya!" ya ce da ya hango Ratri. "Har yanzu ba a saya miki baki ba? Zo ki riƙe tsoho, ƙafar nan ta yi mini tawaye."

Harjo ya dubi jakar, ya kawar da kai. "Baba, da ka bar kayan nan."

"In bar wa wa?"

A gida ko zama bai yi ba. Ya dogara sanda har gaban tanki, ya ƙwanƙwasa katakon gindin tankin sau biyu da zobensa.

"Kai ɗan banza, ni za ka yi wa yaji? Fito in ga ƙeyarka."

Yashi ya motsa. Jago ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Can sai ya taso gaba ɗaya ya kawo goshinsa saman ruwa, Kaka ya sa yatsu yana shafa shi kamar kan jariri. Jatan lande shida ya ci a jere. Harjo ya yi tafi, ya ɗauki hoto ya tura wa abokan kasuwa.

Aka ci shinkafa da miyar kaza. Kaka yana ta labari, yana satar kallon ƙofar ɗakinsa da ke rufe. Bayan la'asar Harjo ya yi gyaran murya.

"Baba, kafin mu kama hanya, ka koya wa kifin hannun yarinyar nan. Ungaran da nisa, ba kowace Lahadi zan iya rufe shago ba."

Kaka ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Mu kama hanya," ya maimaita.

"Ai ka san ƙafar ba ta gama warkewa ba," in ji Mama, idonta a kan kwanukan da take tattarawa. "Can akwai masu kula."

Ratri ta buɗe baki. Kaka ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan, sannan ya kama hannunta ya tsoma a ruwa tare da nasa.

"Kada ki bi shi, ki bari shi ya zo," ya ce. "Kuma ki riƙa yi masa magana. Ba ya katse mutum."

Da za a shiga mota, shi ya ɗauki jakarsa da kansa. Bai yarda kowa ya taɓa ta ba.

* * *

Ranar Litinin da safe gidan ya yi tsit. Mama ta tafi kasuwa, Harjo yana waje yana ɗaure kwalaye a bayan babur. Ratri ta ƙwanƙwasa katakon sau biyu, ta riƙe jatan lande tsakanin yatsu, ta tsoma hannu.

"Ni ce," ta ce. "Shi ba ya nan."

Yashi ya motsa. Jago ya fito a hankali, yana tafe yana tsayawa, har ta ji ruwan da yake kaɗawa yana taɓa fatarta. Saura kaɗan ya karɓa. In ya ci yau, zai ci gobe, babanta kuma ba zai sake rufe shago don Ungaran ba.

Ta dunƙule hannu, ta zare shi daga ruwan.

"Ya ci?" Harjo ya ɗaga murya daga waje.

"Bai ci ba, Baba. Ko fitowa bai yi ba."

Ta ji ya yi tsaki, ya ce wani abu a kan Lahadi, sannan ya tayar da babur ya tafi.

Ratri ta zauna a ƙasa, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Jago bai koma bayan dutse ba. Ya tsaya jikin gilashi daidai fuskarta, yana buɗe baki yana rufewa, yana jira.