Faifan da ke Yangoji

Obadiah yana da faifan garmaho sama da ɗari huɗu a gidansa na Kuje, kuma babu ko ɗaya da wani mai hankali ya taɓa jin sunan makaɗansa. Duk kiɗan shekarun saba'in ne, lokacin da samari suka haɗa jita mai lantarki da ƙahonin Turawa suna cika otal-otal ɗin Jos da Kaduna da hayaniya, kafin aure da aikin gwamnati su gama da su. A shekarar da kowa a ma'aikatarsu ke neman fili a Abuja ko layin waya na biyu, shi baƙar roba yake nema.

A gaskiya guda ɗaya yake nema, sauran a hanya ya tsince su. Yayansa Thaddeus ya busa ƙaho a wata ƙungiya mai suna Tagulla Bakwai. Faifai ɗaya suka yi, sai mota ta kife da Thaddeus a hanyar Akwanga, Obadiah yana aji uku na firamare. Babu hoto. Muryar ma ta daɗe da ɓace masa. Faifan nan kaɗai ya rage, shi kuwa bai taɓa jin sa ba.

Surajo ne ya kira shi, wani Bakano mai sayar da tsofaffin rediyo a kasuwar Wuse.

"Oga Obadiah, ciwonka ya sami magani. Mai gangar ƙungiyar yayanka ya rasu bara a Yangoji. Matarsa na nan, Mama Serah. An ce akwai baƙin abu a ƙasan gadonta."

"Ka gani da idonka?"

"Ni in je Yangoji saboda shara? Ai kai ne mai digiri."

Obadiah ya samu tsohuwar ta wayar maƙwabciyarta. Ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ya ce zai zo ran Asabar. Sai ya ƙara da abin da ilimi ya sa shi faɗa: faifan abu ne mai daraja ƙwarai, don Allah a kula da shi.

Mama Serah maginiyar tukwane ce. Ya same ta a gindin mangwaro tana goge cikin wani tulu da ɗan dutse mai santsi, har yana ɗaukar ido. Ta ba shi ruwa, ta ba shi doya da manja, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ci doyar yana kallon ƙofar ɗakinta.

Can ta shiga ta fito da abu a naɗe cikin sabuwar atamfa.

"Ɗana, da ka ga yadda yake, da ka yi kuka. Ƙura, kashin kyankyaso. Na ce mutum zai taso daga ofis, in ba shi datti? Kwana biyu ina kansa."

Ya buɗe. Takardar tsakiya tana nan, ja, da sunan ƙungiyar. Sauran faifan ya koma ruwan toka, sumul kamar bayan cokali, ya ɗan lanƙwashe a gefe.

"Mama, da me kika wanke shi?"

"Toka da yashi mai laushi. Layi-layin nan ne suke riƙe datti, sun ba ni wahala. Sai da na bi da dutse. Na shanya a kan kwano ya sha rana sosai."

Tana kallon fuskarsa, tana jiran yabo. Obadiah ya shekara ashirin yana gode wa manyansa a kan abubuwan da suka fi wannan muni, don haka bakinsa ya san aikinsa.

"An gode, Mama. Ya yi kyau."

"Ai na sani."

Kafin ya tashi ya tambaye ta ko tana tuna wani Thaddeus mai ƙaho, ko yadda busarsa take.

"Duk dogaye ne, duk da gashi buzu-buzu. In sun fara, ni rafi nake tafiya."

Da ya isa gida ya ɗora faifan. Allura ta zame daga baki ta yi ta shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Ya juya ɗaya gefen, haka. Amma dab da takardar tsakiya, inda tsohuwa ta ɗaga hannu don kada ta jiƙa ta, layi kaɗan sun tsira. Ƙarshen waƙar ƙarshe ne: ganga ta yi gudu, sai ƙahoni uku suka ɗaga tare, suka riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa huɗu, suka yanke.

Uku ne, a haɗe kamar an narka su. Ya mayar da allura, ya matso da kunne, yana neman wanda zai ce na Thaddeus ne. Ya sake. A karo na shida ya lura shuuu ɗin ya fara cin farkon busar, don allura ma tana goge abin da take bi.

Ya ɗaga ta, ya zauna riƙe da ita a sama, faifan yana ta juyawa a ƙasa.