Shafin Dalma

Sau biyu ɗiyata Hafiza ta faɗi kemistiri. A makarantar koyon aikin lafiya da take a Gummi, duk wanda ya faɗi darasin nan sau uku korarsa ake yi, komai ƙoƙarinsa a sauran darussa. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare ban san abin da ke cikinsa ba. Na dai san saura mata dama ɗaya.

Da ta zo hutu Anka na ƙwace wayarta na kulle a akwati. Na ce ita ce ke cinye mata hankali. Na hana uwarta Hure sa ta ko da wanke-wanke. Sannan na roƙi Malama Elizabeth, mai koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata, ta riƙa zuwa bayan la'asar tana yi mata bita.

Bayan mako biyu Malama ta tsayar da ni a zaure.

"Malam Jatau, yarinyar nan ba ta da wasa. Yau za ta gane komai, har ta gyara mini. Gobe in na tambaye ta, kamar ba ta taɓa gani ba."

"To mi za a yi, Malama? A ƙara matsa mata?"

"Ka matsa wa wa? Ka ga idonta kuwa?"

Wata ranar Laraba ina gyaran babur a ƙofar gida Hafiza ta fito da takardun darasinta, ta durƙusa gefena.

"Baba, shekarata nawa sa'ad da muna Tungar Daji?"

"Uku. Mi ya kawo wanga zance?"

"Inna ta ce a tsakar gida kake niƙa dutsen zinari."

Ta nuna mini wani shafi, ta karanta da Turanci, ta mayar mini da Hausa a hankali. A kan dalma ne. Wai in ƙurarta ta shiga jikin ƙaramin yaro tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ya girma yana fama da riƙe karatu.

Sifana ta faɗi daga hannuna. Na tuna ta tana wasa a cikin garin dutsen nan, tana cika gwangwani da shi, ina yi mata dariya ina ce mata 'yar kasuwa. Da masu magani suka zo suka ce akwai dalma a dutsen, an ba ta ƙwayoyi, an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa. Na ɗauka an gama.

"An ba ki magani ai," na ce.

"An ba ni, Baba."

Ta tattara takardunta ta shiga ciki.

Washegari na tare Malama a hanya na tambaye ta ko dalmar ce. Ta ce ita ba likita ba ce, ƙila ita ce, ƙila ba ita ba. Na so ta ce mini wayar ce.

Hafiza ta koma ta rubuta jarrabawa. Ranar da sakamako ya fito ta sauka daga motar Gummi da jakarta da bokitinta da katifarta a naɗe. Ganin katifar ya ishe ni, ban tambaya ba.

Hure ce ta kasa haƙuri. "Ko ɗaya ba ki amsa ba, ɗiyata?"

"Na amsa, Inna. An yi tambaya a kan dalma. Ita kaɗai ce ban manta ba."

Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na ɗauko wayar na miƙa mata. Ta dube ta, ta ce in bar ta a wurina tukuna, 'yan ajinsu ne za su yi ta kira.