Rigar Haskew

Verlene ta sake goga gishiri da lemon tsami a hannun rigar, jinin ya ƙi fita. Rigar Haskew ce, ɗan sandan da take yi wa wanki tun yana saurayi. Mijinta Ozell kuwa, tun jiya da ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya bi masu zanga-zanga cikin gari, bai dawo ba. Ta je caji ofis an koro ta.

Maƙwabciyarta Odessa ta leƙo ta kan shinge. "Yar'uwa, 'yan sanda sun sakar mana karnuka, ke kuma kina yi musu wanki? Sai ki haɗa da karnukan ki yi musu wanka."

"Ke dai bari. Mutumin nan ya san ni. In na kai masa ita tas, zai gaya mini inda suka kai Ozell."

Ta yarda da hakan har zuciyarta, baiwar Allah. Ta yi ta cuɗa har yatsunta suka saluɓe, ta sa sitaci, ta goge. A duk jihar Alabama babu rigar da ta kai ta haske.

Ta kai rigar gidan Haskew, ta zagaya ta ƙofar baya, domin baƙaƙen fata ba sa shiga gidan farar fata ta gaba. Haskew ya fito da singileti, yana cin ƙafar kaza. Ta sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, maigidana ne bai kwana gida ba. Ozell Tubbs."

"Dogon nan mai wushirya? Au, naki ne?" Ya yi dariya. "Taurin kai gare shi. Na ce ya durƙusa, wai shi addu'a yake a tsaye."

"Yana ina, yallaɓai?"

"Asibitin gwamnati. Kada ki wahalar da kanki hawa bene, a ƙasa suke ajiye irinsu."

Verlene ta san gawarwaki ake ajiyewa a ƙasan asibitin.

Haskew ya goge hannunsa a wando, ya warware rigar, ya ɗaga ta a rana yana duba hannun.

"Kai, Verlene, kin iya aiki. Da kin ga yadda mijinki ya ɓata mini ita jiya. Duba, ko ɗigo bai saura ba."

Ya rufe ƙofa. Ta tsaya tana kallon yatsunta, suna ƙanshin lemon tsami.