Benci Mai Mutum Uku

A makarantar gwamnati ta unguwarmu a Nukkai, kowane yaro da bencinsa yake zuwa daga gida. Duk ranar da aka ga uwa ta zo ɗaukar benci, an san an cire yaro ke nan. Abin da ya kai ni ke nan ranar Talata.

Na gaji ne. A taron iyaye mun yi ihu har murya ta dushe: iska ta kwashe rabin kwanon ajin 'yata Keziah, yara saba'in, malami ɗaya. Mijina Tobiya ya samo mata wuri a makarantar kuɗi a unguwar Sarkin Dawaki, mai fanka da tayil. Ita kuwa ta kwana uku ba ta cin abincin kirki. "Mama, makarantarmu yana da kyau," in ji ta, "kai dai ba ka shiga ba." Na ce mata kyau ba ya tare ruwan sama.

Na isa ana tsakiyar darasi. Malam Hayatu, wani siriri mai alli har a gira, ya ce, "Maman Keziah, a ɗan jira mu gama." Ashe su uku ne a bencin namu: Keziah, da Mahbuba da Hamna, waɗanda ba a iya yi musu nasu a gida ba. Suka matsa min, na ɗosana ina hura hanci.

Malam ya nuna sama ta inda kwano ya yaye. Gajimare na tafiya a hankali daga wajen duwatsu. Ya ce wannan ruwan jiya yana kogin Binuwai, gobe zai sauka a gonar wani a Iware, ya bi rafi ya koma inda ya fito. Iware! Can aka haife ni. Sai ga ni a gonar doyar babana, shekarar da aka cire ni daga makaranta, ina kallon sama ina tunanin daga ina ruwa yake zuwa, ba mai ba ni amsa. Ban san sa'ad da hannuna ya tashi ba.

"Malam, to me ya sa ba ya ƙarewa?"

Aji ya fashe da dariya. Hamna ce ta juyo ta yi min bayani, da hannu da komai, kuma Allah ya sani na gane.

Da aka buga ƙararrawa yaran suka miƙe. Mahbuba ta kwashe littattafanta ta ajiye a ƙasa, ta share min bencin da gefen hijabinta don in ɗauka. Nan jikina ya yi sanyi.

Kwano dai har yau babu, kuma a taro mai zuwa ni zan fi kowa ihu. Amma da na koma gida Tobiya ya dubi hannuna ya ce, "Ina bencin?"

Na ce, "Akwai mutane a kai."